Wace ƙa'idar VPN zan sa wa ma'aikatan da ke shiga sabar ofis daga nesa?

Wani ɗan'uwa ne ya aiko da wannan tambaya, na taƙaita ta. Shi ke kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba kayan gona a Kano. Sabar ɗaya gare su mai Windows Server, a kanta manhajar lissafi da fayilolin kamfani suke, rautar ofis kuma MikroTik ce. Mutum 14 ne ke buƙatar shiga daga waje: wasu a Zariya da Gusau, biyu a Maraɗi, sauran kullum suna kan hanya. Ya buɗe saitin VPN, wato rufaffiyar hanyar shiga netwok ɗin ofis ta intanet, ya ga ƙa'idoji irin su PPTP da L2TP da SSTP da IKEv2, ga kuma OpenVPN da WireGuard da yake jin labarinsu. Wanda ya haɗa musu netwok tun farko ya ce a sa PPTP, wai shi ne ba ya ba da wahala. Wanne zai ɗauka?

Malam, ka kyauta da ka tsaya ka tambaya kafin ka danna, domin wannan na cikin abubuwan da in an kafa su sau ɗaya ake mantawa da su shekara da shekaru. Bari in fara gaya maka abin da zan yi in ni ne a kujerarka, bayani ya biyo baya. PPTP kam ka cire shi daga lissafi tun yanzu. Ga mutum 14 masu yawo da MiFi da hotsfot na waya, WireGuard zan kafa. Idan masu kamfani sun dage sai kowa ya shiga da suna da kalmar sirrin da yake buɗe kwamfutarsa ta ofis, kuma ba a son girka wata manhaja a na'urorin mutane, to IKEv2. Ko wanne ka ɗauka, ka tanadi hanya ta biyu mai bi ta TCP a ƙofa ta 443, wato hanya da lambar mashigar da shafukan intanet ke amfani da su, saboda ranar da wani zai sauka a otal ɗin da aka toshe komai.

Yawancinmu da rufe Twitter da aka yi a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 muka san kalmar VPN, don haka za ka sami ma'aikacin da zai ce maka ai yana da ita a wayarsa. Ka fahimtar da shi cewa waccan manhajar fitar da shi take ta wata ƙasa don ya buɗe shafin da aka toshe. Naku kuwa bututu ne rufaffe daga na'urarsa zuwa cikin ofis. In ya kunna su biyun a waya, ɗaya zai kashe ɗaya.

Kafin a shiga maganar ƙa'idoji, akwai tambayar da ba ka yi ba, kuma ita ta fi kayar da mutane a wajenmu: shin ana iya samun ofishinku daga waje ma kuwa? Shiga shafin rautar ka duba adireshin IP da kamfanin intanet ya ba ta a ɓangaren WAN, wato gefen da ke fuskantar intanet. Sai ka buɗe burauza a wata kwamfuta ta cikin ofis, ka je ɗaya daga shafukan nan da ke gaya wa mutum adireshin da duniya ke ganinsa da shi. In lambobin biyu sun zo ɗaya, alhamdu lillahi, ƙofarku a bakin titi take. In sun saɓa, ko dai akwai modem a gaban rautar da shi ma yake raba adireshi, wanda gyaransa ba wuya, ko kuma kuna bayan abin da ake kira CGNAT. Alamarsa adireshin rautar ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, zangon da aka ware wa wannan aiki a 2012, ko ya fara da 10. Kamfanin intanet ne ya tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, saboda adireshin IPv4 ya yi ƙaranci a duniya. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna barkatai da lamba ɗaya a ƙofar waje: ɗan haya zai fita ya dawo abinsa, amma baƙon da ya zo da lambar gidan kaɗai bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba.

Layukan waya kusan duk haka suke. Starlink ma, da ya shigo Najeriya a farkon 2023 kuma ofisoshi da dama suka koma kansa, a tsarinsa na gida ta CGNAT yake ba da IPv4. A wannan hali ko wace ƙa'ida ka zaɓa, ko za ka yi ta buɗe ƙofofi a rauta har gobe, kiran ma'aikacinka ba zai iso ba. Na sha ganin mai gyara ya kwana biyu yana tsalle daga L2TP zuwa SSTP zuwa OpenVPN yana zargin saitinsa, alhali saitin lafiya lau yake.

Mafita mafi tsafta ita ce ka nemi tsayayyen adireshin fili daga kamfanin intanet ɗinku, ka biya kuɗinsa. In ba ya samuwa, sai ka yi hayar ƙaramar sabar a intanet mai adireshin fili, ofis ya kira ta, ma'aikata su kira ta, a haɗu a can. Tailscale, wanda aka gina a kan WireGuard, wannan aikin yake yi maka: yana ƙoƙarin haɗa na'urorin biyu kai tsaye, in ya gagara ya bi da su ta mahaɗarsa. In da kanka za ka yi hayar sabar, ka nemi wadda ke cikin Najeriya. In tana Turai, duk abin da mutumin Zariya ya aika sai ya tsallaka teku ya dawo kafin ya isa Kano, amsa ma haka. Ka kuma tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. A irin wannan rana, wanda mahaɗarsa ke Jamus zai iya rasa hanyar shiga sabar da tafiyar awa biyu ce a mota tsakaninsu.

To, PPTP. Mai haɗa muku netwok bai yi ƙarya ba da ya ce kafa shi ba wuya. Abin da bai gaya maka ba shi ne makullinsa ya daɗe da lalacewa. Tsohuwar ƙa'ida ce ta shekarun 1990 da Microsoft da wasu kamfanoni suka fito da ita, kuma tun 1998 Bruce Schneier da Mudge suka wallafa raunin da ke cikin yadda aka gina ta. A 2012, a taron DEF CON, Moxie Marlinspike da David Hulton suka ƙarasa ta. Sun nuna cewa duk wanda ya naɗi gaisuwar farko da ake yi tsakanin kwamfuta da sabar, wato MS-CHAPv2, aikin da ya rage masa bai wuce fasa mabuɗin DES guda ɗaya mai bit 56 ba, kuma na'urarsu tana gama wannan cikin kwana ɗaya. Tsawon kalmar sirri ba ya taimakawa, ko harafi 30 ce sakamakon ɗaya ne. Kuma daga abin da aka fasa ɗin ake fitar da mabuɗin da ke rufe sauran zirga-zirgar, don haka mutum zai karanta duk abin da ya naɗa, ya kuma iya shiga da sunan ma'aikacinka. Ka yi tunanin akawunku yana aiki a wayifayin wani otal da ba ka san wa ke riƙe da rautarsa ba.

Ko da a ce ba ka damu da tsaro ba, PPTP ba zai yi maka aiki ba. Apple ta cire shi daga iPhone da Mac tun 2016. Sababbin wayoyin Android, daga siga ta 12, galibi ba sa ba ka damar ƙirƙirar shi ko L2TP. Ita kanta Microsoft ta sanar a Oktoban 2024 cewa za ta yi watsi da su biyun, kuma Windows Server 2025 da aka girka sabo ba ya karɓarsu sai in kai ka je ka kunna da hannu. Sannan PPTP yana ɗaukar bayanai ne ta wata hanya mai suna GRE, wadda ba ta da lambar ƙofa, shi ya sa yake yawan maƙalewa a layukan waya: ka ga ya tsaya a tantance suna da kalmar sirri, can ya yanke.

L2TP shi kaɗai ba ya ɓoye komai, IPsec, wata ƙa'idar ɓoye bayanai, ake lulluɓa masa. In an saita shi da kyau ba a fasa shi ba, amma yadda ake saita shi a ofisoshinmu ne ke damuna: mabuɗi ɗaya ake ba kowa, a tura a guruf ɗin WhatsApp, kuma ba a canza shi ko mutum goma sun bar aiki. Yana kuma da wata matsala da za ta same ka kai tsaye. Wani reshe da na taɓa yi wa aiki, mutum biyu ne a ɗaki ɗaya suna shan intanet daga MiFi ɗaya da aka ɗora a kan taga don ya sami sabis. Kullum da safe magatakarda zai shiga lafiya. Da zarar manaja ya buɗe laftof ɗinsa ya haɗa, sai na magatakarda ya yanke. Shi kuma ya sake dannawa, sai na manaja ya faɗi. Sati guda suna zargin layin waya, har sun sayi wani sim. Abin da ke faruwa shi ne dukansu da adireshi ɗaya suke fitowa, kuma na'urar da ke ofis ta kasa bambance su, sai ta ɗauka mutum ɗaya ne ya sake kira. Mutanenka biyu na Maraɗi, in a shago ɗaya suke, wannan na jiransu. Ƙari a kan haka, in sabar tana bayan rauta, Windows ba ya yarda ya haɗa sai an shiga rajistar kowace kwamfuta an ƙara AssumeUDPEncapsulationContextOnSendRule an ba shi lamba 2, in ba haka ba kuskure mai lamba 809 za ka yi ta gani. Wahalar ta fi amfanin.

SSTP na Microsoft ne, ya zo da Windows Server 2008 da Vista. Ta TCP a ƙofa ta 443 yake bi, ƙofar da shafukan banki da na imel ke amfani da ita, shi ya sa da wuya a toshe shi. Yana buƙatar satifiket a kan sabar, wato shaidar da ke tabbatar wa na'ura cewa da sabar ta gaskiya take magana. iPhone da Android da Mac ba su zo da shi ba. A matsayin hanya ta biyu ga masu laftof ɗin Windows, ya yi.

Dalilin da ya sa ban ce ka mai da shi hanyar yau da kullum ba ya shafi duk VPN ɗin da ke bi ta TCP. Ita TCP in ƙullin bayanai ya ɓace a hanya sai ta tsaya ta sake aikawa. Abin da ke cikin bututun, kamar kwafin fayil, shi ma yawanci TCP ne, shi ma yana da nasa agogon jira da sake aikawa. A kan layi mai kyau ba za ka lura ba. A kan layin da sabis ke hawa da sauka kuwa, na waje yana sake aikawa, na ciki ya gaji da jira shi ma ya sake aikawa, layin ya cunkushe da abu ɗaya sau biyu, komai ya tsaya cik alhali waya na nuna akwai sabis. Hanyoyin da ke bi ta UDP, wadda ita ba ta tsayawa ta sake aikawa, ba su da wannan, kuma irin layukan da mutanenka ke kai su ne ainihin inda bambancin ke fitowa.

IKEv2 ƙa'ida ce mai kyau, kuma ita ce zaɓina na biyu da zuciya ɗaya. An fitar da ita a 2005, aka sabunta a 2014. Ta UDP take bi, ƙofa ta 500 da ta 4500. Windows tun daga 7 ya zo da ita, iPhone da Mac suna da ita, Android ma daga siga ta 11. Tana da wani ƙari mai suna MOBIKE da ke barin haɗi ya ci gaba in adireshin mutum ya canza, misali ya fita daga wayifayin gida ya koma datar waya. A kan Windows Server kuma za ka ɗaure ta da asusun ma'aikata, ranar da ka rufe asusun mutum ka rufe masa VPN.

Za ka ga a cikinta ma ana amfani da MS-CHAPv2 wajen kalmar sirri, kada hankalinka ya tashi. A nan sai sabar ta fara tabbatar da kanta da satifiket an kafa rufaffen bututu, sannan kalmar sirri ta bi ta ciki, mai naɗi a hanya ba ya ganin gaisuwar. Wannan ne ya sa satifiket ɗin ya zama komai, kuma a nan wahalar IKEv2 take. Sunan da ke jikin satifiket dole ya zo ɗaya da sunan da ma'aikaci ya rubuta a saitinsa, kuma dole na'urarsa ta amince da wanda ya ba da satifiket ɗin. In ɗaya ya kuskure, Windows zai ba ka lamba 13801 ba tare da wani bayani mai amfani ba. Sannan abin da Windows ke fara miƙawa in ba ka taɓa shi ba tsohon yayi ne, rukunin musayar mabuɗi mai bit 1024. Ka ɗaga shi da umarnin Set-VpnConnectionIPsecConfiguration a PowerShell, ka sa AES-256 da rukuni na 14 ko sama a kwamfutocin, a sabar kuma ka yi haka da Set-VpnServerConfiguration. Ka rubuta ranar ƙarewar satifiket a inda za ka gani, domin ranar da ya ƙare dukansu 14 za su kira ka a lokaci ɗaya.

OpenVPN James Yonan ne ya fara shi a 2001, kuma ya ga jiya ya ga yau. Yana bin UDP, bisa al'ada a ƙofa ta 1194, yana kuma iya bin TCP a 443. Yana karɓar satifiket ga kowane mutum, da kalmar sirri, da lambar nan mai canzawa ta manhajar tantancewa, duka a haɗe. Sai an girka manhajarsa, saitinsa na da yawa, kuma a kan ƙaramar rauta ya fi WireGuard nauyi. Ka lura cewa a RouterOS, wato manhajar da ke cikin MikroTik, siga ta 6 TCP kaɗai yake yi, sai a ta 7 aka ƙara UDP. Tunda akwai masu waya a cikin mutanenka, shi zan sa a 443 ya zama hanya ta biyu, don yana aiki a kan kowace na'ura.

WireGuard kuwa Jason Donenfeld ne ya rubuta shi, ya shiga cikin Linux a siga ta 5.6 a watan Maris 2020. Layukan rubutunsa kusan 4,000 ne, abin da mutum ɗaya zai iya zama ya karanta ya bincika. Ba ya ba ka zaɓin hanyar ɓoyewa, Curve25519 da ChaCha20-Poly1305 ya ɗauka ya tsaya a kansu, don haka babu inda za ka yi kuskuren zaɓar mai rauni. Kowace na'ura tana da mabuɗi biyu, na sirri da ba ya barin jikinta da na fili da kake rubutawa a rauta tare da adireshin da ka ba ta. Duk ƙullin da bai zo da mabuɗin da aka sani ba, rautar ba ta ko amsa masa, mai leƙen ƙofofi daga waje ba zai san akwai wani abu a wurin ba.

Abin da ya sa na fi son sa ga masu yawo shi ne ba ya riƙe haɗi irin wanda ke yankewa a sake kira. Duk adireshin da sahihin ƙulli na ƙarshe ya fito, can yake mayar da amsa. Direba ya tashi daga Funtuwa, sabis ya ɗauke a daji, ya dawo kusa da Tsafe da sabon adireshi, aiki ya ci gaba ba tare da ya taɓa komai ba. RouterOS ta 7 ta zo da shi, don haka a kan MikroTik ɗinku za ka kafa shi, ka bar sabar lissafi da aikinta. A saitin ma'aikata ka sa PersistentKeepalive ya zama 25, don layin waya kada ya manta da hanyarsu in sun yi shiru.

Yana da nasa aibin, kuma gara ka sani tun yanzu. UDP kaɗai yake bi, inda aka toshe ta ba shi da dabara. Ba shi da suna da kalmar sirri, mabuɗin shi ne mutum: wanda ya sace laftof a tasha ya sami hanyar ofis, sai in ka rufe faifan da BitLocker, makullin faifai na Windows, kuma ka goge mabuɗin daga rauta da zarar an gaya maka. Saboda haka kowace na'ura da nata mabuɗin, mai waya da laftof biyu gare shi, kuma kada fayil ɗin saiti ya bi ta WhatsApp. A waya ka nuna masa lambar QR ya ɗauka a gabanka. A Windows kunna shi da kashe shi na buƙatar ikon mai gudanarwa sai in ka yi wani saiti na musamman. In kuma adireshin ofis mai canzawa ne kana amfani da suna, sau ɗaya yake duba sunan lokacin kunnawa, in adireshin ya canza sai an kashe an kunna.

Akwai kuma agogo. An taɓa kawo min wani laftof na hannu da ya yi wata biyu yana shiga lafiya, ranar nan ya ƙi. Manhajar na nuna tana aikawa, ɓangaren karɓa kuwa sifili. Mun duba mabuɗi, mun duba ƙofa, mun canza layi. Sai idona ya kai ƙasan allo ta dama, na ga kwanan watan ya koma shekarun baya. Ƙaramin batirin agogon ne ya mutu, babban batirin kuma dama ba ya riƙe caji, da aka ɗauke wuta sai lokaci ya koma farko. WireGuard yana saka lokaci a cikin gaisuwarsa, kuma rauta ba ta karɓar gaisuwar da lokacinta ya gaza na wadda ta gabata, don kada wani ya naɗa ya maimaita. Muna gyara agogo ya shiga. Masu satifiket ma agogo na kayar da su haka, don haka duk wanda ya kira ka ya ce ya ƙi, ka fara tambayarsa yau nawa ga wata a kwamfutarsa.

Yanzu ga abin da nake so ka ɗauka da muhimmanci fiye da sunan ƙa'idar. A watan Mayun 2021 masu kutse suka shiga kamfanin Colonial Pipeline na Amurka, aka rufe bututun man da ke ciyar da gabashin ƙasar kwanaki, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Ba wata ƙa'ida suka fasa ba. Wani tsohon asusun VPN ne da ba a amfani da shi kuma ba a rufe ba, kalmar sirrinsa ta fita, kuma babu mataki na biyu na tantancewa. Kai ma ka buɗe takarda ɗaya: sunan mutum, na'urarsa, mabuɗinsa, ranar da aka ba shi. Ka yi magana da mai kula da ma'aikata cewa ranar da aka sallami mutum a ranar za a gaya maka. Ka kuma taƙaita inda masu VPN za su iya kaiwa a katangar rauta, su ga sabar a ƙofofin da suke buƙata kawai, kada su ga kyamarori da shafin rautar kanta. Ita ma rautar ka riƙa sabunta ta.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke cin lokaci. In netwok ɗin ofisku 192.168.0 ko 192.168.1 ko 192.168.8 yake, ka canza shi kafin ka fara, domin waɗannan su ne lambobin da MiFi da rautocin gida ke zuwa da su. In na gida da na ofis suka zo ɗaya, VPN zai nuna ya haɗu, amma kwamfutar za ta riƙa neman sabar a cikin ɗakin mai ita. Ɗauki wani abu kamar 10.47.12 da ba kowa ke amfani da shi ba. A AllowedIPs na ma'aikata ka sa zangon ofis kawai, don kallon bidiyonsu kada ya bi ta layin ofis ya cinye muku data. In ka ga haɗi ya yi, ƙananan abubuwa na wucewa, amma babban fayil ko shafi ya maƙale a rabi, girman ƙulli ne: WireGuard na farawa da MTU 1420, ka sauke shi zuwa 1280 ka gwada, in ya yi sai ka riƙa ɗagawa a hankali.

Manhajar lissafinku ce ta fi ba ni tsoro. Irin su QuickBooks na kwamfuta da Sage 50 an gina su ne don netwok ɗin cikin ofis, inda fayil ɗin kamfani ke kusa. In akawu ya buɗe fayil ɗin kai tsaye ta cikin VPN daga Gusau, zai yi nauyi ƙwarai, kuma in layi ya yanke yana tsakiyar adanawa fayil ɗin na iya lalacewa, lissafin kamfani gaba ɗaya. Ka sa su shiga VPN, sannan su buɗe Remote Desktop zuwa wata kwamfuta da ke cikin ofis, manhajar ta yi aikinta a can, hoton allo kawai ke tafiya. In layi ya yanke, aikin na nan yana jiransu. Windows Server mutum biyu kawai yake bari a lokaci ɗaya don gudanarwa, fiye da haka sai da lasisin RDS, ka sa wannan a kasafi. Kuma ƙofa ta 3389 ta Remote Desktop da ta 445 ta raba fayiloli kada su taɓa buɗewa ga intanet kai tsaye, ko na kwana ɗaya: ta 445 WannaCry ya bi a 2017, raunin BlueKeep na 2019 kuma a Remote Desktop yake.

Wajen gwaji, kada ka gwada daga cikin ofis, sakamakon zai ruɗe ka. Ɗauki laftof ka fita, ka gwada da kowane layin waya da mutanenka ke amfani da shi, ka haɗa na'ura biyu a MiFi ɗaya, ka kashe data ka kunna kana tsakiyar aiki ka ga ko zai dawo da kansa. Na Maraɗi kuma ka sa su gwada da layinsu na can kafin ka ce an gama. In ka duba adireshin WAN ɗin ka ga ya fara da 100, ka aiko min da samfurin MikroTik ɗin da sigar RouterOS da ke kanta, sai mu tsara yadda za a bi ta mahaɗa.